Yadda za ka gane harsashin gidanka na bukatar tallafi daga ƙasa

Da zarar bango ya tsage, mai gida yakan bi ɗayan hanya biyu. Ko ya kira magini a cusa siminti a shafa fenti, damina ta zagayo tsagar ta sake buɗewa a daidai inda take. Ko kuma wani ya tsorata shi cewa gida na gab da faɗuwa, a kawo leburori su tone gindin bango daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta farko asarar kuɗi ce. Ta biyu asarar kuɗi ce da ka iya haɗawa da asarar rai.

Aikin da ake magana a kai shi ne wanda injiniyoyi ke kira andafinin: a haƙa ƙarƙashin tsohon fandisho kashi-kashi, a zuba sabon kankare ko a kafa ginshiƙai, har nauyin gini ya sauka a kan ƙasa mai ƙarfi da ke can ƙasa. An fi jin sunansa a Ingila da Kanada da Amurka, inda ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya zama ruwan dare. A nan ma akwai irin waɗannan ɗakuna, musamman a gidajen da ke gangaren duwatsun Abuja da manyan shaguna masu wurin ajiye mota a ƙasa. Amma alamomin nutsewar harsashi iri ɗaya ne ko da ɗakin ƙasa ko babu. Tambayoyi biyu ne za su raba maka gardama: har yanzu ginin na motsi? Me ke motsa shi?

Mataki na 1: Karanta tsagar

Fara da siffarta. Tsagar filasta, irin siraran nan masu kama da yanar gizo-gizo, daga bushewar siminti take. An yi kwaɓi da ruwa da yawa, ko rana da iskar hunturu sun busar da shi ba a shayar da shi ba. Ka ƙwanƙwasa wurin, ka kankare filastar da tsinin guduma faɗin tafin hannu. In bulon da ke ƙasa lafiya lau yake, ka huta.

Tsagar nutsewa kuwa tana da kamanni da ba sa ɓuya. Tana tafiya a karkace, sau da yawa daga kusurwar taga ko ƙofa, tana bin layin simintin da ke tsakanin bulo kamar matakala. Ana ganinta ciki da waje a wuri guda, wato ta ratsa kaurin bango. Faɗinta ba ɗaya ba ne daga sama zuwa ƙasa. Mafi muhimmanci, tana gangarawa har ƙasan jaman fulo, wato shimfiɗar kankaren da ke ƙarƙashin daɓe, ta shige cikin fandisho. Tsagar da ta tsaya a saman taga ba ta sauka ba, sau da yawa laifin lintal ne.

Inda ta fi faɗi yana nuna maka wajen da ya motsa. In kusurwar gida ce ta nutse, tsagar takan fi buɗewa a sama ta tsuke a ƙasa, domin ɓangaren nan yana jingina waje. In tsakiyar bango ce ta zauna gefuna suna tsaye, sai ka ga ta fi faɗi a ƙasa. A yi hattara a nan: ƙasar da ta kumbura ta ɗaga tsakiyar gida tana ba da tsaga mai faɗi a sama, sak irin ta nutsewar kusurwa. Shi ya sa ido kaɗai bai isa ba.

Sai faɗi. Hukumar binciken gine-gine ta Ingila ta kasa tsagar bango zuwa matakai daga 0 zuwa 5, kuma injiniyoyi a ƙasashe da yawa da shi suke aiki. Har zuwa milimita 1, shafe ne kawai. Har zuwa milimita 5, a cike a gyara filasta, ko da ƙofa ta ɗan fara cijewa. Daga milimita 5 zuwa 15, ko tsagogi da yawa a wuri guda kowace ta haura milimita 3, al'amari ya fara girma: ƙofofi da tagogi na maƙalewa, bututun ruwa na iya karyewa. Daga 15 zuwa 25 sai an rushe wani ɓangaren bango an sake. Sama da 25 ana maganar tokare gini da gaggawa. In babu ma'auni a hannu, katin ATM kaurinsa bai cika milimita 1 ba. Tsagar da kati bai shiga ba ƙarama ce. Wadda fensir ya shige ta wuce milimita 5.

Akwai alamomin da ke rakiyar tsaga. Ƙofar da da take rufuwa lafiya yanzu tana gogar ƙasa ko firam. Tayil da ya fashe a layi ɗaya miƙaƙƙe daga wannan ɗaki zuwa wancan. Rata tsakanin bango da daɓe, ko tsakanin bango da silin. Baranda ko ƙarin ɗakin da aka yi daga baya ya fara rabuwa da uwar gida, ratar ta fi faɗi a sama.

Mataki na 2: In akwai ɗakin ƙasa, rarrabe tura da nutsewa

Bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa aiki biyu yake yi: yana ɗauke da gini daga sama, yana kuma tare ƙasar da ke bayansa. A nan mutane ke yawan kuskure. Tsaga a kwance, wajen tsakiyar tsayin bango, tare da bango ya yi ciki ya turo cikin ɗaki, ba alamar nutsewa ba ce. Ƙasa ce da ruwan da ya taru a bayan bango suke tura shi. Ruwa mai zurfin mita 2 a bayan bango yana danna gindinsa da ƙarfin kusan tan 2 a kowace murabba'in mita, ban da nauyin ƙasar kanta. Maganin wannan shi ne a fitar da ruwan da bututu mai huji da tsakuwa a gindin bango, a ƙarfafa bangon da ginshiƙai ko a tokare shi. Ko ka zuba kankare nawa a ƙarƙashin fandisho, turar nan tana nan.

Ka rataya igiya mai ƙarfe a bakinta daga saman bango, ka auna ratar da ke tsakanin igiya da bango a sama, tsakiya da ƙasa. In cikin da bango ya yi ya kai milimita 25, injiniya ya gani a makon nan. Farin gishiri a jikin bango da fenti mai ɓawo shaidar danshi ne, su kaɗai ba sa nuna harsashi ya motsa.

Nutsewa a ɗakin ƙasa takan bayyana ne da tsaga a tsaye ko a karkace wadda gefe ɗaya ya sauka ƙasa da ɗayan. Ka shafa yatsa a kan layin bulo ka ji: in layin ya karye, wannan ɓari ya fi wancan tudu, ƙasa ta motsa.

Mataki na 3: Auna lebur

Tiyo mai garai-garai na mita 10 zuwa 15, cike da ruwa ba kumfar iska a ciki, ya isa, domin ruwan da ke bakunansa biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa. Ka zaɓi wurin da ya fi nisa da tsagar a matsayin tushe, ka sa alama. Mutum ɗaya ya tsaya a nan, ɗaya ya zagaya gidan da ɗaya bakin tiyon yana sa alama a inda ruwa ya tsaya duk bayan mita 2 ko 3. A kowace alama ka auna zuwa layi ɗaya na bulo, ko zuwa saman jaman fulo. Layin bulo ya fi daɓe gaskiya, domin daɓe sau da yawa tun farko ba a daidaita shi ba, wani lokaci ma da gangan aka karkatar da shi don ruwa ya gangara.

Ba yawan nutsewar ba ne ke tsaga gini. Gidan da ya zauna bai ɗaya da milimita 30 ko'ina zai iya zama ba tabo. Bambancin da ke tsakanin wuri da wuri ne matsala. Ƙa'idar da injiniyoyi suka daɗe suna riƙe da ita: in karkatar ta kai 1 cikin 300, wato milimita 10 a tsawon mita 3, bango yakan fara tsagewa, in ta kai 1 cikin 150, ginshiƙai da bim na cikin haɗari. Ka zana taswirar gidan a takarda ka rubuta lambobin. Sau da yawa da ka gama za ka ga duk sun karkata zuwa kusurwa ɗaya, kuma a wannan kusurwar akwai sokawe ko bishiya.

Mataki na 4: Sa ido na tsawon rani da damina

Wannan ne matakin da kowa ke son tsallakewa, alhali shi ke hana kashe miliyoyi a banza. Gini sabo yakan ɗan zauna a shekarunsa na farko ya tsaya. Tsagar da ta mutu cikewa kawai take bukata.

Ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar sama da ƙasa, ka rubuta kwanan wata a gefe. Sannan ka kafa ƙananan kusoshi uku cikin bulo, ba cikin filasta ba: biyu a gefe ɗaya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, na uku a ɗaya gefen. Ka riƙa auna tsakaninsu da ma'aunin nan mai muƙamuƙi da kanikawa ke auna kaurin ƙarfe da shi. Kusoshi uku za su nuna maka ko buɗewa tsagar ke yi ko gefe ɗaya ne ke zamewa ƙasa. Tsohuwar dabarar manna gilashi a kan tsaga tana gaya maka cewa an motsa in ya fashe, amma ba ta faɗin nawa ko wane gefe.

Awo sau ɗaya a wata, da safe, a lokaci guda, domin zafin rana na sa bango ya ɗan buɗe. A rubuta a littafi tare da hoto. Bayan wata 12 sakamakon zai zama ɗayan abu uku. Bai motsa ba. Ko yana buɗewa da rani yana rufewa da damina, wanda ke nuna ƙasar yumɓu ce ke shan ruwa tana bushewa. Ko kuma kullum ƙaruwa yake ba komowa, kuma wannan ne ke kai mutum ga tallafe harsashi.

Ba a jiran shekara in tsaga na ƙaruwa da milimita 1 ko fiye a wata, ko ta shiga ginshiƙi ko bim ko dakin (rufin kankare), ko ana jin ƙara a bango, ko ƙasa ta rufta kusa da gida. A fitar da iyali daga wannan ɓangaren, a kira injiniya a ranar.

Mataki na 5: Nemo abin da ke motsa ƙasar

Ruwa ne kan gaba. Bututun banɗaki da ya karye a ƙarƙashin daɓe, sokawe da aka haƙa dab da bango, indararo mai zuba a gindin gini, kwata mai yoyo, tankin ruwa mai ambaliya kullum dare. A ƙasa mai yashi, ruwa na kwashe ƙananan ƙwayoyi ya bar kogo a ƙarƙashin fandisho. A yumɓu kuma yana tausasa shi ya rage masa ƙarfi. Gwajin bututu ba shi da wuya: a toshe bakinsa a ɗan ramin nan mai murfi da ake buɗewa a duba bututu, a cika da ruwa, a sa alama, a dawo bayan awa ɗaya. In ruwan ya sauka, akwai yoyo. Sokawe ya kamata ya yi nisan aƙalla mita 5 da gini, ko da yake a ƙananan filayen cikin gari ba kasafai ake samun haka ba.

Na biyu baƙar ƙasa mai kumburi, irin firgin da ke yankin tafkin Chadi a Borno da wasu sassan Adamawa da Gombe. Da rani tana darewa har hannu ya shiga, da damina ta kumbura ta ɗaga abin da ke kanta. Wannan motsi ya fi ƙarfi a mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na sama, kuma yawancin fandishonmu a nan suke zaune. Ka ɗebi danƙi ka jiƙa ka murza a tafin hannu: in ya yi siririn zare bai karye ba, in ka yanka da wuƙa fuskar ta yi sheƙi, yumɓu ne irin mai kumburi. Irin wannan ne ya faru a kudancin Ingila a farin da aka yi a shekarar 1976, lokacin da yumɓun London ya bushe gidaje masu yawan gaske suka tsattsage.

Bishiya na ƙara wa yumɓu ƙishi. Darbejiya, turare da mangwaro suna zuƙe danshi har zurfin mita 3 ko fiye. In nisan bishiya da bango bai kai tsayinta ba, tana cikin waɗanda ake tuhuma. Amma kada a yi saurin sare tsohuwar bishiya da ta girmi gidan. Ƙasar da ta saba bushewa za ta koma shan ruwa ta kumbura a hankali na shekaru, ta ɗaga bangon. Rage rassa a hankali ya fi aminci har injiniya ya duba.

Na uku ciko. Duk wanda ya san Kano da sauran tsofaffin birane ya san kududdufai da aka cike da shara da ɓaraguzai aka yanka filaye. Shara tana ruɓewa, ƙasa na ci gaba da zama shekara da shekaru. Haka tsohuwar rijiya ko salga da aka binne ba a danne ba. Tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin kafin a yi gini; amsarsu takan fi rahoton da ke hannun dillali amfani. Gidan da rabinsa ke kan ƙasar asali rabinsa kan ciko yakan tsage a daidai iyakar.

Sai abin da mutum ya jawo da hannunsa. An ɗora bene a kan fandishon da aka yi don gida mai hawa ɗaya. Ko maƙwabci ya haƙa rami mai zurfi dab da katanga. Ka ja layi a zuci daga gindin fandishonka zuwa ƙasa a karkace, mita ɗaya gaba mita ɗaya ƙasa. Duk ramin da ya yanka wannan layin ya taɓa ƙasar da ke ɗauke da gidanka.

Mataki na 6: Ramin gwaji

Daga nan aikin injiniyan gine-gine ne mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ba na ɗan kwangilar da zai yi aikin ba, domin wanda zai ci kuɗin haƙa ba shi ya kamata ya yanke hukuncin a haƙa ba. Za a tona rami kamar mita 1 a kowane gefe a jikin bango, ɗaya a inda ya lalace ɗaya a inda yake lafiya, har a ga gindin fandisho. A auna zurfinsa, faɗinsa da kaurinsa, a ga ko akwai rodi, ko kankaren na marmashewa. A ɗebi ƙasar da ke ƙarƙashi a kai ɗakin gwaji, a kuma huda ƙasa a ga a wane zurfi ƙasa mai ƙarfi take da inda ruwa ya tsaya. Ramin da ya wuce mita 1.2 sai an tokare gefensa da katako, kuma a mayar da ƙasa da wuri kada ruwan sama ya same shi a buɗe.

Mataki na 7: Yanke hukunci

Ana tallafe harsashi in awo ya nuna motsi na ci gaba bayan an gyara bututu da magudanai. In fandisho na zaune kan ciko ko ƙasa mai laushi alhali akwai mai ƙarfi a ƙasa. In bai kai zurfin da zai tsere wa kumburin yumɓu ba kuma lalacewar ta wuce milimita 5 tana ƙaruwa. In za a ƙara bene kuma lissafi ya nuna ba zai ɗauka ba. Ko in za a zurfafa ɗakin ƙasa don a samu tsayin kai, wanda ke nufin sabon daɓe zai sauka ƙasa da gindin tsohon fandisho. Wannan na ƙarshe ya yawaita a tsofaffin gidajen Toronto da London, kuma ko bango bai taɓa tsagewa ba dole a yi.

In dai yoyon bututu ne, a gyara shi, a zagaye gida da daɓen kankare mai faɗin mita 1 zuwa 1.5 da ya karkata waje, a kai ruwan indararo nesa, a ci gaba da awo wata shida zuwa shekara. Gidaje da yawa a nan suke tsayawa.

Yadda aikin ke tafiya, da inda yake ɓaci

Hanyar da aka fi sani ita ce ta kankare zalla. Ana raba bango zuwa gaɓoɓi na kimanin mita 1 zuwa 1.2, a ba su lamba 1 zuwa 5 ana maimaitawa. A haƙa masu lamba 1 kaɗai, a gama da su, sannan 3, sai 5, sai 2, sai 4. Ba a taɓa buɗe gaɓoɓi biyu maƙwabta a lokaci guda, kuma abin da ke rataye ba tallafi kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na tsawon bango. A share ƙasan tsohon fandisho tas, injiniya ya duba gindin rami, a zuba kankare a ranar da aka gama haƙa. Kwaɓin 1:2:4 na siminti, yashi da tsakuwa shi ne mafi ƙaranci, sai in injiniya ya rubuta wanda ya fi shi. A soka guntayen rodi a gefe don gaɓa ta kama ta kusa da ita.

Ana tsayar da kankaren saura milimita 50 zuwa 75 ya taɓa tsohon fandisho. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a cike ratar da kwaɓin siminti 1 yashi 3, mai ɗan danshi kawai, wanda in ka dunƙula ya tsaya bai jiƙa maka hannu ba. A dinga tura shi da guntun katako ana bugawa da guduma har ya ƙi shiga. Wannan cikon ne ke miƙa nauyin gida ga sabon kankare. In aka yi shi da ruwa-ruwa zai tsuke ya bar rata, gida ya sake zama, duk wahalar ta tafi a banza. A ba shi aƙalla kwana biyu kafin a buɗe gaɓar da ke jikinsa.

Wannan hanya tana aiki in ƙasa mai ƙarfi ba ta wuce mita 2 zuwa 3 ba kuma ruwa bai cika rami ba. In ta fi haka zurfi, kamar a tsohon kududdufi, sai siraran ginshiƙai masu faɗin milimita 150 zuwa 300 da ake hudawa da inji, a haɗa kawunansu da bim da zai ɗauki bango.

Tallafe ɓangare ɗaya na gida yana da nasa haɗarin: wurin da aka gyara ya tsaya cak, sauran ya ci gaba da motsi, sabuwar tsaga ta fito a mahaɗarsu. Don haka ake rage zurfin gaɓoɓi a hankali kamar matakala zuwa inda yake lafiya. A baƙar ƙasa kuma ana sa abu mai laushi a fuskar ciki ta sabon kankare don kumburi kada ya tura shi. Aikin ya fi kyau da rani. Kusoshin awo su zauna a wurinsu lokacin aiki da bayansa, kuma kada a cike tsagogin bango a yi fenti sai awo ya nuna wata uku zuwa shida ba motsi.